Neman Mande a Tashar Doña Herminia

Kunnen hagu na Crisanto Xol ya mutu tun kafin in san shi. Na daman yana nan da rai, amma sai ranar da ya ga dama yake aiki. Inji ne ya cinye su. Yana saurayi ya baro ƙauyensu da ke bayan El Estor, ya kama aiki a kwale-kwalen da ke jigilar ayaba da buhunan masara a tafkin Izabal. Aka ba shi wurin zama a gindin injin, ya yi ta shan ƙara har furfura ta fara leƙo masa.

A kwale-kwalen nan ne ya samo kalmar da ta bi shi har tsufa. Da yaren ƙauyensu ya zo, Sifaniyancinsa bai taka kara ya karya ba. Mai kwale-kwalen mutum ne mai saurin hannu, da mari ya koya masa cewa idan babba ya kira ka, ko ya yi magana ba ka ji ba, ba ka cewa "me?" kamar marar tarbiyya. "Mande" ake cewa, wato na'am, a umarce ni. Dukkanmu nan mun sha ranƙwashi a hannun iyayenmu mata a kan kalmar nan, amma mu mukan bar ta ta huta. Crisanto kuwa da kunne ya tafi, sai ta zame masa gaisuwa, ta zame masa amsa, ta zame masa hira. Ka ce masa ina kwana, mande. Ka ce hadari ya taso, mande. Sai ka maimaita, ka sake maimaitawa, sannan ya yi murmushi ya gyaɗa kai, kai kuma ka tafi ba ka san ko ya ji ba.

Ni ce Fidelina, mai girki a tashar jiragen ruwa ta Doña Herminia, wato Uwargida Herminia mai wurin, nan ƙasa da babbar gadar kogin Dulce. Ni na riƙe 'yarsa ranar da aka yi mata baftisma, shi ya sa nake ce masa compadre, yake ce mini comadre, shi ya sa kuma nake zaginsa son raina babu mai shiga tsakani.

Tashar tamu ba wata babba ba ce. Dandamalin katako ne ya miƙe cikin ruwa, jirage a ɗaure hagu da dama, sai rumfar cin abinci, sai ofis. A can ƙarshen dandamalin akwai wani ɗan ɗakin katako da aka yi don ajiyar igiyoyi. Da matarsa Tomasa ta rasu, 'yar kuma ta yi aure a Puerto Barrios, Crisanto ya ce gidan cikin gari ya yi masa faɗi. Ya ɗaura ragarsa ta kwanciya a ɗakin igiyoyin, ya kafa hoton Tomasa a bango, ya rataye oba-obarsa, rediyon da masu jirage ke kira da shi, a ƙusa. Doña Herminia ta kau da kai kamar ba ta gani ba, ɗakin ya zama gidansa.

Aikinsa kuwa ba shi da suna. Idan lokacin guguwar teku ya gabato, Turawa sukan hauro kogi da jiragensu su ɓoye su a wajenmu, su hau jirgin sama su koma gida sai bayan damina. Da safe Crisanto zai kunna oba-oba ya manna ta a kunnen dama. In ya ji wani yana kame-kame yana neman wurin ɗauri, sai ya tayar da ƙaramin kwale-kwalensa ya tare shi a ƙarƙashin gada, ya ɗaga hula ya nuna masa hanya. Da hular Crisanto muke samun baƙi. In masu jiragen sun tafi, shi ke buɗe tagogi su sha iska kada fumfuna ta cinye katifu, shi ke kwalfe ruwan sama, shi ke sassauta igiya in kogi ya cika, ya ƙara tamke ta in ya janye. Waɗanda ba su tafi ba kuwa, musamman masu yawo su kaɗai, da yamma za ka gan su zaune a ƙofar ɗakinsa da kwalbar giya, suna ta zuba da Turanci ko da karyayyen Sifaniyancinsu, shi kuma yana ta tufka igiya. Na sha tambayarsa me suke ce masa.

"Comadre, ina zan sani? Na dai ga bakinsu yana motsi."

Ciwon suga ya zaunar da Doña Herminia, sai 'yarta Marleny ta dawo daga babban birni ta karɓi ragama. Yarinyar da na goya, na share wa majina, ita ce ta dawo da dogayen farata da waya mai faɗin faranti. Ba zan ci zalinta ba, tana da ƙoƙari, kuma tashar tana neman durƙushewa don maƙwabtanmu duk sun riga mu shiga waya. Kafin mu farga ta juya komai. Bature yana can nesa zai duba hotunanmu, ya zaɓi wurin ɗaurinsa, ya biya, taswirar wayarsa ta kawo shi har bakin dandamali ba tare da ya ga hular kowa ba. Ta kafa kyamarori a kan sanduna, mai jirgi yana kwance a gadonsa a Jamus yana kallon jirginsa. Ta sa wata 'yar na'ura a cikin kowane jirgi, da ruwa ya shiga sai wayarta ta yi kuka. Ni ma ba ta bar ni ba. Miyar kwakwata sai an ɗauke ta hoto kafin a kai wa mai ci, ta huce a banza.

Oba-oba ta yi shiru. Kowace safiya Crisanto yana kunna ta ya manna a kunne, babu abin da ke fitowa sai shuuu. Ya zaci kunnen daman ne ya bi ɗan'uwansa. Ya shigo kicin a firgice, ya turo mini gefen kansa.

"Comadre, yi mini magana a nan."

"Matsa mini, tsoho, ka tare mini haske."

"To ai ina ji." Ya dubi oba-obar, ya girgiza ta. "Ashe duniyar ce ta yi shiru."

A gabana Marleny ta gaya masa, a rumfa, tana ta murza zoben hannunta.

"Don Crisanto, ka yi wa gidan nan hidima tun ban san kaina ba. Amma ka ga yanzu waya ke kawo baƙi, waya ke gadi. In damina ta wuce, Turawa suka dawo wa jiragensu, ina so ka je wajen 'yarka ka huta. Ɗakin nan zan gyara shi in sa injin wanki."

"Mande?"

Ta maimaita da ƙarfi, har ta kai kan injin wankin. Ya yi murmushi, ya gyaɗa kai, ya tafi. Wannan karon na san ya ji, don ya bar kofinsa bai kurɓa ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, ranar duk wanda ya ci kifina sai da ya nemi ruwa saboda gishiri. Na san gidan 'yar tasa, ɗaki ɗaya ne da miji da yara a bayan tashar mota. Mutumin da ya saba barci ruwa yana motsi a ƙarƙashinsa, can za a kai shi ya huta.

Ana cikin haka ne Mande ya ɓullo. Akwai wani wuri a waya inda masu jirage ke ba tashoshi taurarin yabo, su rubuta abin da suka gani. Marleny ta leƙa don ta ji me ake cewa a kanmu, ta tarar ashe an daɗe ana rubutu mu ba mu da labari. Ta faɗo kicin ina tsakiyar kankare kwakwa.

"Doña Fide, wane ne Mande?"

"Wane Manden?"

"Ai shi nake tambaya. Duba nan, kowa shi yake yabo."

Turancinta na makaranta ne, don haka ta sa wayar ta fassara mana rubutun. Wani ya ce in ka isa, ka nemi Mande. Wata ta ce banɗakinmu ba kyau, intanet ɗinmu sai a hankali, amma saboda Mande za ta dawo. Wani ya ce Mande saurayi ne mai zuciya. Wani kuma, a yadda wayar ta juya shi, ya ce Mande duk jikinsa kunnuwa ne, bai taɓa gamuwa da mai sauraro irinsa ba. Miyata babu wanda ya ambata, amma wannan wani zancen ne.

Za ku ce ai abin a fili yake. A fili yake yanzu da nake ba ku labari. Amma ku gaya mini, wa zai ga kalmar da yake furtawa tun yana tatata ya ɗauka sunan mutum ce? A rubuce ta zo, da babban baƙi a gaba, kamar kowane suna. Ga shi an ce saurayi, an ce mai kunnuwa. Mu kuwa kurma ɗaya muke da shi, ya doshi saba'in. Ko da wasa babu wanda ya waiwayi ƙarshen dandamali.

Kowa ya kawo tasa. Doña Herminia daga kan kujerarta ta ce tabbas wani ne da ya nutse a kogin yake fito wa Turawa, a sayo kyandir a kunna masa. Ni na ce ko karen nan ne mai manyan kunnuwa da ya taɓa addabar mu yana bin baƙi. Marleny ta ce kare ba ya ɗaure jirgi. Na ce to fatalwa tana ɗaurewa?

Wanda abin ya fi ci wa rai shi ne Crisanto. Na kai masa labarin tare da tortiya, wainar masararmu, da baƙin wake, na tsaya ta dama na ɗaga murya.

"Wai akwai wani a tashar nan da Turawa ke mutuwar so. Sunansa Mande."

"Mande?"

"Ƙwarai, shi fa."

"Shi wa?"

"Mande!"

"Ai na ce mande, comadre, faɗi mana!"

Sai da muka kusa dambe kafin ya gane mutum ake nufi, ni kuwa haushi ya rufe mini ido, ban ga abin da ke gabana ba. Da ya gane sai ya ture kwanon, ya taka har ofis ya ce a karanta masa. Marleny ta karanto na wani mutumin Kanada, wanda ya rubuta cewa shekarar da kogi ya yi ambaliya, Mande ne ya shiga ruwa har wuya ya ceci jirginsa.

"Ƙarya yake yi!" Crisanto ya buga tebur. "Ni na shiga ruwan nan, ni kaɗai, har da zazzaɓi na kwanta. Shi Manden yana ina a lokacin? Wato ni in yi aiki, wani ɗan iska ya bi bayana ya karɓi godiya?"

Marleny ta ce, "To, Don Crisanto," irin yadda ake lallashin yaro. Ta ɗauka tsoho ne yake neman abin da zai riƙe ɗakinsa da shi. Ni na tuna zazzaɓin sarai, ni na dafa masa ganye. Amma na ce a raina kogi yana da faɗi, mutum biyu za su iya shiga.

Daga ranar Crisanto ya shiga farautar Mande. Da tsakar rana, lokacin da kowa ke kishingiɗe, sai ya laɓe a bayan gangunan mai yana jiran ya ga wanda zai taɓa masa igiya. Duk baƙon da ya taka dandamali, kunnensa yake fara kallo. Mai kawo mana gas ya tambaye ni ko tsohon ya taɓu, don ya zagaya shi yana leƙen gefen kansa.

Labari ya kai kasuwa, kasuwa ta kai shi tsallake, sai ga Armando makanike ya haye kogi da mai a gashi da turare. Mando ake ce masa. Kunnuwansa kuwa, gaskiya, a buɗe suke kamar mariƙin tukunya.

"Seño Marleny, na ji ana nemana," in ji shi. Seño ita ce malama a bakinmu. "Kin san Turawa ba su iya sunan mutane ba. Mando, Mande, ai duk ɗaya ne. Wane jirgi ne a nan ban taɓa injinsa ba?"

Na leƙo daga kicin da ludayi a hannu. "Kai ne mai sauraron? Kai da in ka buɗe baki ko rediyo sai ta haƙura?"

"Doña Fide, ke dai ki ji da kifinki."

"Kifina ya fi ka shiru, kuma ya fi ka ƙamshi."

Marleny ba ta gama yarda ba, amma ba ta da wani. Ta ce za ta buga masa riga da sunan, in Turawa sun dawo a gani. Shi kuwa har ya je yana auna ɗakin igiyoyi da taku, wai in injin wanki ya bar wuri zai ajiye kayan aikinsa. Crisanto yana zaune a kan ragarsa yana kallon kunnuwan.

Saƙonni kuma ba su daina shigowa ba, kowa Mande yake tambaya. Marleny ta gaji da cewa ya fita. Akwai wani abu da ake sa wa waya ya riƙa amsa wa mutane da kansa, da kowane yare, ko kana barci. Ta sa shi, aka ce ta ba shi suna, ta ba shi Mande. Da na gaya wa Crisanto cewa yanzu Mande yana cikin waya, ya wanke hannu, ya gyara hula, ya ce a haɗa su. Marleny ta danna ta miƙa masa.

"Kai ne Manden?"

Wayar ta amsa da muryar saurayi mai sanyi. "Barka da rana. Ni ne Mande na tashar Doña Herminia. Da me zan taimaka?"

Ya manna ta a kunnen hagu, mataccen. "Mande?"

"Na'am, ni ne. Da me zan taimaka?"

Na kama hannunsa na mayar masa da ita dama.

"Ranar ambaliya kana ina?"

"Ina nan kullum, ba dare ba rana. Mene ne tsawon jirginka?"

"Ba ni da jirgi, ɗan nema! Ɗaki gare ni, shi ma injin wanki za a sa."

"Madalla. Injin wanki yana nan tafe ba da jimawa ba. In ajiye maka wuri?"

Ya cire wayar daga kunne ya dube ta. Sannan ya miƙa wa Marleny ita da hannu biyu, ya ce, "Yana da ladabi." Ya biyo ni kicin ya zauna a kan buhun gawayi.

"Comadre, yanzu su nawa ne? Akwai na tsallake mai kunnuwa. Akwai na cikin waya. Akwai wanda ya shiga ruwa tare da ni ban gan shi ba."

"Ci abincinka."

"Wataƙila ba ni kaɗai ba ne a ruwan. Ruwan sama ake yi, ga duhun hadari. Wataƙila ma shi ne ya yi aikin, ni na tsaya ina kallo." Ya shafa kai. "Tsufa ne. Yarinyar tana da gaskiya."

Wannan maganar ta fi injin wankin yi mini ciwo. Ya daina laɓewa a bayan ganguna. Ya ci gaba da buɗe tagogin jirage da kwalfe ruwa, ko da wayar Marleny ba ta yi kuka ba, amma ya fara tattara kayansa cikin buhu. Hoton Tomasa ne na ƙarshe, ya cire shi ya naɗe a tawul.

Damina ta ja baya. Baƙuwar farko da ta aiko cewa tana tafe wata tsohuwa ce 'yar Holan, Doña Greta muke ce mata. Da mijinta suka zo mana shekarun baya, ciwon zuciya ya ɗauke shi a asibitin gari, ita kuma ta ƙi sayar da jirgin, ta yi damina guda cur a cikinsa ita kaɗai. Marleny ta shirya tarba. Ta tsayar da Armando a bakin dandamali cikin sabuwar riga, an rubuta MANDE ɓaro-ɓaro a ƙirji, ita kuma ta ɗaga waya don ta ɗauki bidiyon talla. Aka fito da Doña Herminia da kujerarta. Crisanto yana gefe da buhunsa da tawul ɗinsa a hammata, don kwale-kwalen da zai sauke baƙuwar shi zai kai shi gari ya hau mota. Ni ina ƙofar kicin, na rantse ba zan yi kuka a gaban Armando ba.

Kwale-kwale ya tsaya. Doña Greta ta sauko, Armando ya ware hannuwa yana washe baki. Ta ɗora masa jakarta a hannu ɗaya, ta rataya masa hularta a ɗayan, ta wuce shi.

"Mande!"

Crisanto ya ga bakin Baturiya ya motsa, ya yi abin da ya saba. "Mande?"

"Mande!" Ta rungume shi, da buhun da tawul ɗin da komai.

"Mande?" Ya leƙo ta saman kafaɗarta yana kallona, yana neman in fassara masa.

Murfin tukunya ya suɓuce daga hannuna ya yi ta juyi a kan katako. Marleny ta sauke wayar a hankali, bakinta a buɗe. Doña Herminia ce ta fara dariya, ta yi ta yi har tari ya sarƙe ta, tana cewa a mayar mata da kyandiranta. Armando yana nan tsaye da jaka da hula kamar sandar rataya kaya.

Mu mun gane cikin ƙiftawar ido. Shi kuwa yini guda muka yi muna fama da shi a rumfa.

"Kai ne, compadre."

"Ni ne wa?"

"Mande. Kullum shi kake ce musu, sai suka ɗauka sunanka kake faɗa."

"Sunana Crisanto Xol. Fada ne a coci ya zuba mini ruwan baftisma da shi."

"Ba wanda ya musa. Amma su Mande suka sani."

"To kunnuwan fa?"

"Wayar ce ta yi shirmen fassara, ita ce ma ta mai da kai saurayi."

"Na cikin wayar fa?"

"Shi ma sunanka aka ba shi."

Ya yi ta lissafi da leɓe. "Wato ran nan da kaina na yi faɗa? Ni ne nake tambayar mutane tsawon jirginsu ba dare ba rana?" Ya juya ga Marleny. "To wa kika kora, Seño, wa kuma kika ɗauka?"

Marleny ta dubi wayar da ke hannunta. Ta sunkuyar da kai, na ga hawaye ya ɗiga a kan gilashin wayar, ta goge da riga.

Doña Greta ta ga muna ta hayaniya, ta tambayi me ya faru. Marleny ta ce ba komai, muna so ne mu ji yadda aka yi ta san shi. Ta yi magana a wayar, wayar ta juya mana. Ta ce daminar da mijinta ya rasu, duk wanda ta ɗauko wa zancensa sai ya canza magana, har 'ya'yanta. Sai ta riƙa zuwa ƙarshen dandamali da yamma tana ba mutumin nan labarinsa. Duk lokacin da muryarta ta sarƙe ta yi shiru, sai ya ɗago kai ya faɗi sunansa a hankali. Ta ɗauka al'adarmu ce, mutum ya faɗi sunansa don ka san yana tare da kai. Sai ta sake ba shi labarin daga farko, bai taɓa nuna ya gaji ba.

Na matsa kusa da kunnensa na dama na gaya masa duka. Da ya yi magana, ƙasa-ƙasa ya yi ta, abin da bai saba ba.

"Comadre, ko kalma ɗaya ban ji ba. Na ɗauka famfon jirginta take kuka da shi. Har sau nawa na je na kwance shi na mayar."

"To ka rufe bakinka, kar ka gaya mata."

Bai gaya mata ba. Ya zaro tawul ɗin daga hammata, ya warware, ya ajiye hoton Tomasa a gabanta a kan tebur. Ta duba hoton, ta duba shi, ta ɗora hannunta a kan nasa. Na koma kicin, wai albasa zan yanka.

Kwale-kwalen ya koma gari da Armando a ciki, babu riga. Injin wankin a bayan kicin ɗina ya ƙare, yana ta gurnani a kaina har yau. Crisanto ya mayar da ragarsa, ya mayar da hoton a kan ƙusarsa, ya rataye oba-obar da ba ta magana. Marleny ta ba shi rigar, ta yi masa yawa, sai da na rage ta. Ta sa hotonsa da hularsa a kan abin nan mai amsa saƙo, ta saki bidiyon rungumar, ya zaga duniya. Bana tun kafin hadari ya fara haɗuwa duk wuraren ɗaurinmu suka cika.

Aikinsa yanzu yana da suna, aikinsa shi ne ya zama Mande. Baƙi suna sauka su kama hannunsa suna godiya a kan saƙonnin da bai rubuta ba, da yarukan da bai taɓa ji ba. Wani ya zo yana tuna masa alkawarin da ya yi masa na wurin ɗauri mai inuwa, Crisanto ya gyaɗa kai, ya zo yana tambayata ko ya yi. Ana ɗaukar hoto da shi, yana murmushi. Marleny ta koma ce masa Don Mande, wai don kada baƙi su ruɗe. Doña Herminia ta bi sahu. Jikokinsa na Puerto Barrios sun ga bidiyon, suka zo hutu suna tsalle a dandamali suna kiran Kaka Mande.

Bayan sun tafi ya shigo kicin ya zauna a kan buhun gawayinsa. Na zuba masa kofi.

"Ka samu ɗakinka, sai me kuma? Ka wani zauna kamar an yi maka mutuwa."

"Na samu, comadre. Ban dai san wa aka ba ba." Ya juya kofin a hannu. "Ina roƙonki abu ɗaya. Ki bar compadren nan, ki riƙa kirana da sunana. Tun da Tomasa ta tafi masu faɗinsa suka ragu. Yanzu babu ko ɗaya, ina tsoron in na daɗe ban ji shi ba zai bi kunnen hagun."

Na ce masa ya tashi ya ba ni wuri, ina da aiki. Amma tun daga ranar, da abinci ya sauka, nakan tsaya a ƙofar kicin in cika ƙirji da iska, in ƙwala kiran da sai an ji shi a kan gada.

"Crisanto!"

Can ƙarshen dandamali zai ɗago kai daga igiyarsa, cikin rigar nan mai manyan baƙaƙe, ya karkato kunnen dama.

"Mande?"

Har yau ban sani ba ko amsa mini yake yi, ko gyara mini sunan yake yi.